Sanƙarau da taswirar ƙwaƙwalwa a ƙasar Hausa

Bahaushe ya raɗa wa cutar suna ne daga abin da idonsa ya gane masa. Yaro zai kwana garau, ya wayi gari da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, kafin la'asar wuyansa ya sanƙare, ya kasa sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji. Sai aka ce sanƙarau. Sunan ya dace da alamar, sai dai ya karkatar da ido daga inda ɓarnar take. Lafiyar wuyan ƙalau. Abin da ya kamu shi ne mayafin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, kuma sanƙarewar tsokar wuya ƙoƙari ne na jiki don kada a ja wannan mayafi da ya kumbura.

Shekara ɗari da ashirin ke nan wannan annoba tana zuwa tana komawa a ƙasar Hausa. An fi ba da tarihinta da adadin waɗanda suka rasu, amma waɗanda suka tashi su ne suka fi bayyana abin da cutar take taɓawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin mutum biyar da suka tsira daga sanƙarau na bakteriya, ɗaya yakan fita da tabo na dindindin: wannan ya kurumce, wancan ƙafarsa ta shanye, wani ya koma yana farfaɗiya, wani kuma jikinsa lafiya lau amma karatu ya daina zama a kansa. Kowane tabo yana nuna wani sashe na ƙwaƙwalwa da aikin da yake yi. Ta haka garuruwa irin su Tarai da Kibiya da Rano, a kudancin Kano, suka ga sassan ƙwaƙwalwa a jikin 'ya'yansu tun kafin a koyar da sunayensu a aji.

Kai da zuciya

Harshen Hausa ya raba aikin hankali gida biyu. Fushi da tsoro da ƙauna da niyya na zuciya ne: ana cewa zuciyarsa ta ɓaci, ko zuciya ta saƙa masa wani abu. Fahimta da hadda kuwa na kai ne: mai kaifin ƙwaƙwalwa, wanda kansa ke ja, wanda ya kawo sura da ka, sannan ga duhun kai da wayewar kai. Laka ma tana da gurbinta, domin idan aka ce mutum ba shi da laka, ana nufin babu ƙarfi a jikinsa. Wannan rabo ya fi na Aristotle kusa da gaskiya, shi da ya ɗauka cewa zuciya ce mazaunin tunani, ƙwaƙwalwa kuwa aikinta sanyaya jini kawai.

Likitan Rumawa Jalinusu ne ya tsaya a kan cewa ji da motsi daga ƙwaƙwalwa suke fitowa, kuma likitocin Musulmi suka gaji ra'ayinsa suka faɗaɗa shi. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya rarraba ayyukan hankali a cikin kogunan da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa: na gaba yana tattara abin da gaɓɓai suka jiyo, na tsakiya yana tunani, na baya yana ajiya. Rabon bai tabbata ba, domin ruwa ne a cikin kogunan. Amma tushen ra'ayin, wato kowane aiki yana da mazauninsa, shi ne aka dawo gare shi bayan ƙarni takwas. Wani abu daga wancan zamani ya rage a bakin likitoci har yau. Larabawa sun kira mayafin ƙwaƙwalwa na waje uwa mai kauri, na ciki kuma uwa mai laushi, kuma daga fassarar littafin Ali ibn Abbas al-Majusi zuwa Latin aka samu dura mater da pia mater, sunayen da ɗalibin likitanci yake haddacewa a Kano ko Zariya, sau da yawa ba tare da ya san daga Larabci suka fito ba.

A Turai an fara bayyana sanƙarau na annoba a birnin Janiba a 1805. A 1887 Anton Weichselbaum ya ware ƙwayar cutar a Biyana, sannan a 1891 Heinrich Quincke ya nuna yadda ake soka allura tsakanin ƙasusuwan baya a ɗebo ruwan laka. Ruwan mai lafiya garai-garai yake kamar na rijiya. Na mai sanƙarau ya gurɓace, wani lokaci har ya yi kama da ruwan shinkafa. Har gobe da wannan allura ake tabbatar da cutar.

Daga Zungeru zuwa Sakkwato

Annobar farko da aka rubuta a Afirka ta Yamma ta ɓarke ne a 1905 a arewacin Nijeriya, shekara biyu bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato. Rahoton farko ya fito daga Zungeru, hedikwatar mulkin Arewa a lokacin. A ranin da ya biyo baya cutar ta yi yamma har ta isa arewacin Gana ta yau. Wasu masana suna ganin daga Sudan ta shigo, ta hanyar da mahajjata ke bi a ƙasa, domin an yi irin wannan annoba a can 'yan shekaru kafin nan. Ta dawo a 1921, inda aka ƙiyasta mutum kimanin 45,000 sun rasu a lardin Sakkwato kaɗai. Babu magani a lokacin. Cikin mutum goma da suka kamu, bakwai ko takwas ba sa tashi, kuma abin da hukuma ta iya yi bai wuce killace marasa lafiya da hana taro ba.

Don a gane dalilin da ya sa cutar take kisa cikin kwana ɗaya ko biyu, sai an duba yadda aka ajiye ƙwaƙwalwa. Nauyinta a jikin baligi bai wuce kilo ɗaya da giram 300 zuwa 400 ba, wato kusan kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 cikin ɗari na kuzarin da jiki ke ƙonawa. Tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma laushinta bai fi na awara sabuwar tafasa ba. Abu mai irin wannan laushi yana buƙatar tsaro, kuma an ba shi hawa-hawa: ƙoƙon kai daga waje, sai tantani uku, sai ruwa kimanin mililita 150 da ƙwaƙwalwar ke iyo a ciki. Kogunan nan huɗu da Ibn Sina ya ɗauka mazaunin tunani ne su ke samar da ruwan, kusan rabin lita a kowace rana, yana zagayawa jini yana shanye shi. Bayan wannan duka, bangon ƙananan hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa a matse yake ƙwarai, ba ya barin yawancin abin da ke yawo a jini ya tsallaka.

Wannan tsaro shi ne kuma raunin wurin. Da yake ba a saba ganin baƙo a ruwan ba, dakarun garkuwar jiki kaɗan ne a cikinsa. Idan ƙwayar sanƙarau ta bar maƙogwaro ta shiga jini, ta samu ta ƙetare shingen, sai ta tarar da fili ba mai tsaro, ta yi ta ninkuwa cikin sa'o'i. Kafin garkuwar jiki ta iso ƙwayar ta yawaita, kuma faɗan da ke biyo baya shi ne ke haifar da kumburi da mugunya. Ga shi ƙoƙon kai ba ya buɗewa. A jikin jariri maɗiga tana kumburowa, abin da iyaye mata kan lura da shi tun kafin likita. A jikin babba kuwa babu inda matsin zai fita sai ƙasa, ta ramin da ke gindin ƙoƙon kai, inda ƙwaƙwalwa ta haɗu da laka.

A daidai wannan wuri tushen ƙwaƙwalwa yake. Girmansa bai fi na babban yatsa sosai ba, amma shi ke riƙe da numfashi da bugun zuciya da haɗiya da tari, kuma a cikinsa akwai jijiyoyin da ke tsayar da mutum a farke. Idan matsi ya danne shi, sai majiyyaci ya fara gyangyaɗi, ya shiga suma, numfashinsa ya rikice, ya tsaya. Da yawa daga cikin mutanen 1921 ta wannan hanya suka tafi, wasu kuma ƙwayar ce ta lalata musu jini kafin ma wuyan ya sanƙare.

Abin da masu tsira suka nuna

Tabon da aka fi sani shi ne kurumta. A cikin ƙashin da ke bayan kunne akwai wata 'yar gaɓa mai siffar katantanwa, cike da ruwa, jere da ƙwayoyi masu gashi kimanin 16,000. Su ke mayar da girgizar sauti ta zama saƙon lantarki, jijiyar ji ta ɗauka ta kai tushen ƙwaƙwalwa, daga nan ya bi ta talamas, wadda take kamar tashar da kusan duk saƙonnin gaɓɓai ke yada zango, ya ƙarasa ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke saitin kunne. Wata siririyar hanya ta haɗa katantanwar da ruwan ƙwaƙwalwa, kuma ta nan cutar kan shiga. Ƙwayoyin gashin ba sa sake tsirowa idan sun mutu. Wannan ɓarna takan auku ne a farkon ciwon, shi ya sa yaro zai warke sarai, a yi murna, sai bayan mako biyu a lura ana kiransa ba ya waiwayowa.

Idan abin ya same shi kafin ya iya magana, sai a ce ya zama bebe, alhali babu abin da ya taɓa harshensa ko sashen magana na ƙwaƙwalwarsa. Abin da ya rasa shi ne sautin da zai kwaikwaya. Hujjar haka tana nan a Kano. Kurame a ƙasar Hausa suna da harshensu, maganar hannu, mai ƙa'idoji da kalmomi nata na kanta, wadda masaniyar harshe Constanze Schmaling ta yi nazari a kai a Kano ta wallafa littafi a 2000. Binciken da aka yi a Amurka kan kurame da suka samu shanyewar ɓarin jiki ya nuna cewa maganar hannu tana amfani da sassan hagu na ƙwaƙwalwa, waɗanda maganar baki ke amfani da su. Ɗaliban makarantar Tudun Maliki da ke hira da yatsu suna aiki da wurin da mai wa'azi ke aiki da shi a kan mumbari.

Tarihin gano wannan wuri sananne ne. A 1861 likitan Faransa Paul Broca ya duba ƙwaƙwalwar wani majiyyaci da ya shekara ashirin da ɗaya ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya, ko da yake yana fahimtar abin da ake faɗa masa. Ya tarar da rauni a gefen hagu, ta gaba. A 1874 Bajamushe Carl Wernicke ya bayyana akasin haka: marasa lafiya masu zuba magana ba tangarɗa amma babu ma'ana, kuma ba sa gane ta wasu. Nasu raunin yana hagu shi ma, amma ta baya, kusa da wurin ji. Daga nan aka fahimci cewa babbar ƙwaƙwalwa, wadda ta cika mafi yawan ƙoƙon kai, rabi biyu ce, kowane rabi da yankuna huɗu: na goshi, na tsakar ka, na saitin kunne da na ƙeya. Aikin tunani yana gudana ne a ɓawonta, wanda kaurinsa milimita biyu zuwa huɗu ne, ya nannaɗe don ya samu wurin zama.

Sanƙarau yana iya taɓa kowanne daga cikinsu, domin hanyoyin jinin da ke ciyar da ɓawon ta cikin ruwan da ya gurɓata suke ratsawa. Idan ɗaya ta kumbura ta toshe, yankin da take shayarwa ya mutu. A bayan yankin goshi akwai wani zirin da ke ba tsokoki umarni, kowace gaɓa da gurbinta, hannu da leɓe sun fi gadon baya samun fili nesa ba kusa ba. Jijiyoyin da suka fito daga nan suna gicciye a tushen ƙwaƙwalwa, don haka raunin hagu yakan shanye ɓarin dama. Yankin tsakar ka yana karɓar taɓi da zafi da sanin inda gaɓɓai suke. Na ƙeya kuwa shi ne mai gani. Wani likitan ido ɗan Japan, Tatsuji Inouye, ya zana taswirarsa daga raunukan harsashi na sojojin da suka yi yaƙi da Rasha a 1904 da 1905, shekarar da annoba ta sauka Zungeru. Yaron da sanƙarau ya lalata masa wannan yanki idanunsa garau suke, amma ba ya gani. Wanda kuma ya tashi da harara-garke, jijiyar da ke juya ido ce matsi ya taɓa, ɗaya daga cikin jijiyoyi goma sha biyu da ke fita daga kowane gefe na ƙwaƙwalwa. Inda rauni ya warke ya bar tabo a ɓawon, wurin yakan riƙa tartsatsin lantarki ba bisa ƙa'ida ba. Farfaɗiya ke nan, wadda har yanzu a gidaje da yawa ake jingina wa iska.

A ƙarƙashin ƙeya akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa. Kashi goma cikin ɗari ce ta nauyin duka, amma kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙwayoyin jijiya a cikinta suke. Ba ita ke ba da umarnin motsi ba, ita ke daidaita shi: saƙar hula, tuƙa keke, ɗaukar tulu a ka ba tare da an riƙe ba. Idan ta taɓu, ko gaɓar daidaito da ke maƙwabtaka da katantanwar kunne ta lalace, sai a ga yaro yana tafiya yana tangaɗi. Idan kuma mugunya ta toshe magudanar ruwan ƙwaƙwalwa, ruwan ya taru a kogunan, kan jariri ya yi ta girma.

Tabon da ya fi wuyar ganewa shi ne na yankin goshi da na ajiya. Gaban goshi shi ke tsara aiki, ya auna sakamako, ya danne abin da zuciya ta raya. An fara zargin haka ne daga labarin Phineas Gage, shugaban leburorin jirgin ƙasa a Amurka, wanda ƙarfe ya ratsa goshinsa a 1848, ya rayu, amma waɗanda suka san shi suka ce halinsa ya sauya. A can cikin yankin saitin kunne kuma akwai hipokamfas, wadda ke mayar da abin da aka ji yau ya zama abin tunawa gobe. Aikinta ya fito fili a 1953, lokacin da aka cire ta ta ɓangarorin biyu daga kan Henry Molaison don maganin farfaɗiya, ya koma ba ya iya riƙe sabon abu. Yaron da sanƙarau ya taɓa masa waɗannan wurare babu wanda zai kira shi nakasasshe. A makarantar allo za a ce ya yi wasa da hadda, a ta boko a ce daƙiƙi ne, a gida a ce taurin kai ya ƙaru. Da wuya wani ya haɗa wannan da zazzaɓin da ya yi bazara uku da suka wuce, kuma bulala ba ta gyara hipokamfas.

Zariya da sirrin bazara

Magani na farko ya iso a ƙarshen shekarun 1930, wato ƙwayoyin salfa, musamman M&B 693. Sun rage mutuwa zuwa kusan ɗaya cikin goma ga wanda ya samu. Duk da haka annobar 1949 zuwa 1950 ta kama mutum fiye da 90,000 a lardunan Arewa, ta kashe kimanin 14,000. A 1963 likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zana iyakar yankin da annobar ke yawan aukuwa, ya nuna cewa ya faɗa tsakanin wuraren da ke samun ruwan sama milimita 300 da masu samun 1,100 a shekara. Yau ana lissafa ƙasashe 26 a cikinsa, daga Senegal zuwa Habasha. Jihar Kano tana tsakiyarsa, har da ƙasar Rano.

Mafi muhimmancin binciken da aka yi a ƙasar Hausa an yi shi ne a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, inda Brian Greenwood ya yi aiki daga 1970 zuwa 1980 tare da Hilton Whittle da likitoci 'yan ƙasa. A 1977 annoba ta faɗa wa Zariya, aka kwantar da mutum 1,257 cikin wata uku. Ta fara a ƙarshen rani, lokacin zafi da ƙura, ta tsaya jim kaɗan bayan saukar ruwa. Manomi ya riga ya san wannan. Abin da binciken Zariya da na ƙauyukan Malumfashi ya ƙara shi ne dalili. Ƙwayar tana zaune a maƙogwaron mutane da yawa masu lafiya, kuma tana ci gaba da yawo tsakaninsu har cikin damina. Abin da ke sauyawa da yanayi shi ne sauƙin da take samu wajen kutsawa cikin jini, kuma bayanin da ya fi ƙarfi shi ne bushewar iska da ƙurar hunturu suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro. Cunkoso a ɗakin kwana yana ƙara yaɗuwar.

Daga Zariya kuma, a 1979, Dakta Sadiq Wali da abokan aikinsa suka wallafa gwajin da ya nuna cewa allura ɗaya ta kuloramfenikol mai mai tana warkar da cutar kamar yadda allurai na kwanaki suke yi. A lokacin ƙwayar ta riga ta fara bijire wa salfa. Ga ƙaramin asibitin karkara mai ma'aikaci ɗaya da marasa lafiya hamsin a ƙarƙashin bishiya, allura ɗaya ita ce abin da zai yiwu, kuma wannan magani ya zama ginshiƙin yaƙi da annobar a faɗin yankin shekaru da dama.

Kano, 1996

Annobar 1996 ita ce mafi girma da aka rubuta a Nijeriya: mutum 109,580 suka kamu, 11,717 suka rasu, cikin wata shida. Ta haɗu da ƙyanda da kwalara, kuma a shekarar Saudiyya ta hana maniyyatan Nijeriya zuwa aikin Hajji. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda aka fi sani da Asibitin Zana, ya cika ya batse, ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a harabarsa.

A nan kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a kan yara 200. Kusan rabi aka ba su Trovan, sauran aka ba su seftiriyazon. Yara 11 suka rasu, biyar daga rukunin farko, shida daga na biyu, wasu kuma suka fita da kurumta ko shanyewar jiki ko raunin ƙwaƙwalwa. Jaridar Washington Post ta fallasa labarin a Disamba 2000. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2001 ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi ya yanke cewa gwajin ya saɓa doka, kuma ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna an rubuta ta ne daga baya. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta, ya ce ya samu yardarsu ta baki, kuma cutar ce ta jawo mutuwar da nakasar.

Wannan hujja ta ƙarshe ba a iya kawar da ita da sauƙi, domin kurumta da shanyewa su ne ainihin abin da sanƙarau ke bari ko da an ba da magani mafi kyau. Babu gwajin da zai duba kunnen yaro ɗaya ya ce ƙwaya ce ta kashe shi ko magani ne ya gaza. Saboda haka nauyin shari'ar ya koma kan abin da ake iya tabbatarwa, wato ko an nemi izinin iyaye yadda ya kamata, kuma a nan ne matsayin kamfanin ya fi rauni. A 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, kuma sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya, dala 175,000 kowanne, bayan gwajin ƙwayoyin gado. Kafin nan an riga an biya wani farashin. Lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna a 2003, labarin Asibitin Zana yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi.

Annobar 1996 da 1997, wadda ta kama mutum fiye da 250,000 a faɗin Afirka, ita ta tilasta neman rigakafi mai ɗorewa. Na da ba ya daɗewa a jiki, ba ya aiki sosai ga ƙananan yara, kuma sai annoba ta fara ake kawo shi. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka fara aikin samar da sabo, kamfanin Serum Institute na Indiya ya yarda ya sayar da shi ƙasa da rabin dala. An fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso a Disamba 2010, jihohin arewacin Nijeriya suka karɓa daga 2011 zuwa 2014, ga masu shekara 1 zuwa 29. Nau'in A, wanda ya yi ɓarnar 1977 da 1996, kusan ya ɓace.

Sai dai ƙwayar tana da 'yan'uwa. Nau'in C ya ɓarke a Nijar a 2015, sannan daga ƙarshen 2016 ya taso daga Zurmi ta Jihar Zamfara, ya kama mutum fiye da 14,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 1,100. A lokacin ne gwamnan Zamfara, Abdulaziz Yari, ya danganta annobar da zunuban jama'a, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya mayar masa da martani a bainar jama'a cewa rigakafi ya kamata ya nemo. A Maris 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar a haɗe, A da C da W da X da Y.

Rigakafi ya rage masu kamuwa, amma bai sauya lissafin sa'o'i ga wanda ya kamu ba. Yaron da ya fara zazzaɓi da amai a Tarai cikin watan Maris, zato na farko zazzaɓin cizon sauro ne, kuma sau da yawa sai an gwada maganinsa kwana ɗaya kafin a nufi asibitin Rano, daga can kuma, in abin ya yi tsanani, a kama hanyar Kano. Kowace sa'a a wannan tafiya mugunya tana ƙaruwa a kewayen tushen ƙwaƙwalwa da jijiyar ji. Bayan sallama ma akwai wani agogon da ke tafiya. Katantanwar kunnen da ta kumbura tana iya fara cikewa da ƙashi cikin 'yan makonni, kuma idan ta cike, dasa na'urar ji yakan yi wuya ƙwarai. Shi ya sa ƙa'idar likitoci ta ce a gwada jin duk yaron da ya tashi daga sanƙarau kafin ya bar asibiti, ko cikin wata guda bayan haka.